Ƙarshen Kiɗan Baba Yana Cikin Hulunanka

Guangzhou, ƙasar Sin
Agusta, 2008

Zuwa ga Yayana Alhaji Ghali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Radiyya da yara baki ɗaya. Allah ya sauwaƙe maka ciwon gwiwar nan, ya sa wa kasuwa albarka, ya kai mu azumin da ke tafe da rai da imani. Hajjo, abokiyar fataucina, ta iso lafiya. Ta kawo mini kuka da daddawa da yajin da Radiyya ta daka, ta kuma ba ni labarin Abdulhakeem ya samu shiga jami'a, Allah ya sa ya amfana. Ta kawo ƙunshin da na roƙe ka. A kansa zan yi magana, kuma ka yi haƙuri da ni, don na ajiye alƙalamin nan sau da yawa ko zan huce, ban huce ba.

Garin nan ya zama kamar gidan biki bayan an watse. Saboda wasannin da ake yi a Beijing an tsananta maganar biza, mutanenmu da yawa sun koma gida ba shiri. A benen da nake kwana, da sai ka ji Hausar Kano da ta Damagaram da ta Kumasi suna karo a matakala, yanzu sai ƙarar talabijin daga ɗakin mai gadi, ana tafa wa wani mai tsalle. Matar da nake cin tuwo a wurinta ta rufe. Duk shagon da na shiga na tambayi wani abu sai a ce mini meyo, wato babu, har kalmar ta fara yi mini kama da sunan garin. Ni ma tawa bizar ta kusa ƙarewa, ban san ko za a sabunta ba. Littattafan da na zo da su na karance su har na fara gardama da marubutansu a fili, ni kaɗai a ɗaki.

Na san ba ka son a tuna maka, amma yau sai ka ji. Kafin Baba ya zama dattijon da mutanen unguwarku suka sani a sahun gaba, kafin ka fara gaya wa surukanka cewa aikin tashar jirgin ruwa ya yi a Ikko, Baba mai juya akwatin kiɗa ne a gidan lilo na bakin teku. Wancan filin na Bakwaren nan, Balarabe mai tumbi, inda dawakan katako ke zagayawa, ƙafarka cikin yashi, iska tana kawo warin gishiri da na gasasshen kifi. Akwatin ya fi mutum tsayi, cike da sarewu da ganga da kuge, a gabansa an sassaƙa wata mace riƙe da ƙararrawa. Ba a kaɗa shi da yatsa. Dogon kwali ne mai huji-huji, a ninke kamar zanen amarya, ake zura masa ta gefe, a juya ƙarfe, zuga-zugi ya hura, kowane huji ya buɗe sarewarsa. Baba ɗan maƙera ne, gyaran fatar zuga-zugin ya kai shi wurin, sai aiki ya riƙe shi. In an ce masa makaɗi sai ya yi dariya ya ce shi bai taɓa kiɗa ba, iska ce ke yi, shi dai yana ba ta hanya. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu girma har ya rasu, mu biyu ne muka san dalili. Da aka rusa filin don gina benaye, aka sayar da akwatin a matsayin tsohon ƙarfe, Baba bai fito da komai ba sai kwali guda, na kiɗan da yake rufe fili da shi in rana ta kusa faɗuwa. Shi ne wanda ya zauna a ƙasan adakarsa shekara da shekaru ba mai jin muryarsa, ya dawo hannunka bayan rabon gado.

Yadda na ci karo da ɗan'uwan akwatin nan ikon Allah ne. Iliasu, mutumin Gana da ke yi mini lodin kaya, ya kai ni wani sito wajen Baiyun don in duba motocin wasan yara da wata mai makaranta ta sa ni in saya. Muna wucewa ta bayan kwalaye sai na ga macen nan da ƙararrawarta tana kallona, hancinta a ɓantare. Yaya, na tsaya ina kallonta. Mai wurin, wanda kowa ke kira lawban, ya ce daga wani filin wasa na bakin teku da ya mutu suka sayo shi. Ba don kiɗansa ba. Fuskarsa suke kwaikwayo da roba, su liƙa lasifika a ciki, su sayar wa manyan kantuna. Ka ji fa, kamar a feɗe rago a cusa wa fatar rediyo. Sun gama da shi, wani daga Turai ya saya, ana jiran a ɗaure shi a sa a jirgi. Na gwada masa faɗin kwalin Baba da tafin hannuna, ya auna bakin akwatin, ya ce in kawo a gani kafin a rufe. Shi ya sa na dame ka da waya, na ce ka ba Hajjo, ka ce to.

Ranar da muka je ana zafi kamar a bakin maƙera. Na ɗauki ƙunshin na ji bai kai nauyin da na sani ba, amma na ce hannun yarinta ne ke yi mini ƙarya. Wani ma'aikaci ya zura kwalin, ya shiga daidai kamar don shi aka yi. Suka ce za su haɗa inji ya juya, na ce a'a. Na ɗaure mayafina a ƙugu na kama ƙarfen da kaina. Da farko sai huci da tari kamar tsohon jaki, sannan sarewun suka buɗe baki. Wallahi Yaya, na ji yashi a tsakanin yatsun ƙafata. Na ga Inna zaune a kan tabarma da farantin gyaɗarta, na ga Baba yana share gumi da gefen hula ba tare da ya tsaya ba, na gan ka a jikin shinge ka juya baya don kada 'yan ajinku su gane ɗan wanene kai, amma ƙafarka tana bin gangar. Masu ɗaure kaya suka ajiye igiya. Kiɗan ya hau, ya kai wurin nan da ganga ke tsayawa macen ta ɗaga hannu za ta buga ƙararrawa, sai kwalin ya zare ta ɗaya gefen ya faɗi ƙasa. Akwatin ya ci gaba da hura iska ba murya. Ni kuma ina ta juyawa kamar mahaukaciya, hannun macen a sama.

Na ɗauko bakin kwalin na duba. Ba ɓera ba ne, ba gara ba ce, ba tsufa ba ne. Yankan almakashi ne, miƙaƙƙe, mai tsabta, kuma ni 'yar gida ce, na san hannun da ya yi shi. Da na matsa wa Hajjo sai ta sunkuyar da kai ta ce ta ji yaran shagonka na huluna suna yabon wani kwali mai ƙwari da ka ba su bara, wai ya fi na taliya riƙe hula ta tsaya a kan kanta, har masu saye ba sa cire shi. Na koyar da tarihi kafin in shiga kasuwa, na karanta yadda wuta da ruwa da yaƙi suka cinye abin da mutane suka bari, amma ban taɓa karanta gadon da aka ƙarar a cikin hula ba sai namu. Da ƙona shi ka yi don kana ganin haramun ne, da na yi jayayya da kai, amma da na girmama ka, don mai aƙida ne ya yi. Kai ko ƙiyayya ba ka yi masa ba. Ka duba shi ka ga kwali. Kuma da na roƙe ka, ba ka ce mini komai ba, ka naɗe ragowar a leda ka aiko, ka bar ni in ji a gaban baƙi. Yanzu duk Juma'a ƙarshen kiɗan Baba yana yawo a kan mazajen Kano, huji-huji, suna shiga masallaci da shi, su da suke cewa ba sa ba ɗan makaɗi aure. Na yi dariyar wannan har na yi kuka.

Lawban ya ga halin da nake ciki ya ba ni shayi, ya tambaya ta bakin Iliasu ko akwai sauran. Ni ce yau na ce masa meyo. Washegari suka buga wa akwatin ƙusa. Ya tafi, kuma ba na jin zan sake ganin irinsa.

Ga abin da ya fi yankan ciwo. A hanyar komawa na ce ba komai, ai ƙarshen yana kaina, zan rera abina. Na buɗe baki, babu. Na kai wurin ƙararrawar na tsaya cak kamar akwatin. Na gwada a mota, na gwada a kan sallaya bayan na shafa, na gwada ina wanki. Ƙarama ce ni a lokacin, kafin a kai nan barci yakan ɗauke ni a cinyar Inna. Inna ta tafi, Baba ya tafi, Bakwaren da filinsa sun tafi. A duk duniyar nan, mutum ɗaya ne ya saura da ya ji kiɗan nan har ƙarshensa, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba, yana tsaye a jikin shinge. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ni ba ni da wani hannun.

Don haka ba na neman ka bi mutane kana cire musu hula, ba na neman ban haƙuri, ka riƙe abinka. Ka kira ni. Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa in kana jin kunyar Radiyya, ba sai ka gaishe ni ba ma. Ka fara daga inda macen ta ɗaga hannu. In muryarka ta yi tsatsa ba komai, na akwatin ma sai da ya yi tari. Kada ka ce mini ka manta, na ga ƙafarka.

Ka gaida Radiyya, ka ce mata yajin ya yi. Ka gaida Abdulhakeem da Salihu da Shehu, da Gwaggo Alima in ka leƙa ta, da duk wanda ya tambaye ni. Lambata ba ta canza ba, wayar tana kusa da ni, kuma benen nan shiru ne, zan ji ta ko ina bayan gida.

Wassalam. Ƙanwarka da har yanzu take juya ƙarfen,
Maijidda