Fuskar da Na Zaɓa a Bayan Ɗakin Taro

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene tana faɗa da masu shanya mata kaya a igiya. Ni ce dai abinci ya daina shiga, shi ya sa na ɗauki biro, don a waya ba zan iya faɗa maka ba.

Ka san ni da rashin baki. Tun muna yara kuke ce min Bebiya, in baƙo ya shigo sai bayan ƙofa. To, wata biyu da suka wuce manajanmu ya ce bai dace jami'ar kula da lafiyar ma'aikata ta riƙa magana kamar mai roƙon gafara ba, ya tura ni kwas na koyon jawabi a gaban jama'a. Har addu'a na yi masa, na manta banza ba ta kai zomo kasuwa. Malamar kwas ɗin ta iya aikinta. Ta hana ni murza gefen mayafi, ta koya min jan numfashi kafin magana, ta ce ba a buɗe jawabi da mummunan labari. Ta kuma ba ni dabara: in zaɓi fuska guda da na yarda da ita a bayan ɗaki, in yi kamar da ita kaɗai nake magana.

Ranar Alhamis masu kamfani za su zo, ni zan gabatar da rahoton gini. Akwai ginshiƙi a tsakiyar sitonmu da ya tsage tun bara, ga kaya jibge a benen da ke kansa. Na sa hotonsa a shafi na bakwai. Manaja ya cire, ya ce injiniya zai duba in an gama lodin bana, ya rubuta min jimla guda a madadinsa, wai an duba gini, babu abin damuwa. Sannan ya yi murmushi ya tambayi jikin Inna, ya ce ya san ni ke riƙe da gida.

Makon jiya muka yi gwaji a gaban ma'aikata, aka miƙa min lasifika. Fuskar da na zaɓa ta Baba mai sito ce, dattijon da ke kama min kujera a motar ma'aikata. Tun da tsagar ta bayyana ya janye teburinsa zuwa bakin ƙofa, ana ta zolayarsa wai bai shirya mutuwa ba. Yaya, ban taɓa magana mai daɗi irin ta ranar ba. Na kalli tsabar idonsa na ce babu abin damuwa, ya gyaɗa kai, aka tafa min. Washegari na tarar ya mayar da teburinsa gindin ginshiƙin, har ya kafa ƙusa ya rataye hularsa. Ya ce tunda ni da ya ɗauka kamar 'yarsa na faɗa, hankalinsa ya kwanta. Na ja shi gefe na roƙe shi ya koma bakin ƙofa, amma muryata ta da ce ta fito, ƙasa-ƙasa tana rawa. Ya yi dariya, ya ce shi da waccan mai lasifikar ya yarda.

Bara farce ne ke shiga tsagar. Jiya na sa yatsa ya shige. Kullum da safe Baba yakan kaɗe garin siminti daga kan teburinsa yana zagin mai shara.

Na mayar da hoton, kuma na sa shi a shafin farko. Manaja bai sani ba. Tsoro nake ji ƙwarai, don na san ranar zan iya fitowa da takardar sallama. In haka ta faru, hidimar Inna za ta dawo kanka, amma kada ka gaya mata tukuna. Ga kwafin hoton na haɗo maka, ka adana shi da kyau.

Ka gaishe min da matarka uwar 'yan biyu, da Auta, da Goggo in ka leƙa ta. Inna da Kawu suna gaishe ku. Yau Lahadi, saura kwana uku Baba ya zauna a wurin kafin in samu lasifika. Ka taya ni addu'a, amma ba ta baki ba, wannan na samu. Ka roƙa mana ginshiƙin ya kai Alhamis.

Ƙanwarka,
Bebiya