Tulun Njamena

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Fatakwal, ya Baban Ummi da yara? Ƙafar taki ta yi sauƙi? Mu nan Bolewa kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Yaya, Asabar ɗin da muka yi a Njamena ba zan manta da ita ba. Bayan bikin ƙanen maigidana aka fita da mu ganin gari, manya bakwai, yara goma sha ɗaya, har da surukata Hajiya. Kafin azahar wannan na kukan ƙishirwa, wancan ya yar da takalmi a kogi garin leƙen dorina.

A gidan tarihi muka tarar da wani tulu da ya kusa kai ni tsawo. Yara suka ce, "Anti Zara, ke ce mai karatu, me aka rubuta a allon da ke gabansa?" Faransanci ne, ko kalma ban gane ba. Sai na shirya musu labarin wata yarinya da ta ɓuya a ciki ranar da yaƙi ya ci garinsu. Suka kasa kunne. Da na tsaya, Hajiya, wadda kullum take cewa littattafan labaran nan da nake karantawa za su sa in ƙona mata gida, ta ce, "To ke, ta fito ko ba ta fito ba?"

Ni ma ban sani ba tukuna.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Na sayi littafin rubutu da biro biyu. Nawa labarin zan rubuta.

Ƙanwarki,
Zara