Jar Waya da Shuɗiya

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannuna na filaya ne, ba na biro ba.

Na ji kina ta yi wa mutane albishir an ƙara wa ɗanki girma. To ki haɗa da ni, ki ce yayanki ya koma yaronsa. Ni na kai shi gaban manaja na ce a gwada shi, yanzu ko tari za a yi sai an jira Injiniya. Ni shekara talatin da huɗu ina haɗa wuta, har yau Mai Filaya nake.

Bari ki ji aikin, don ki san abin da ya taɓa. Wani ɗaki ne mai sanyin tsiya, da kabad-kabad na ƙarfe a jere, an shaƙe su da kwamfutoci masu ajiye wa mutane bayanai. A bayan kowane kabad akwai dogayen soket, kowanne ya kai tsayina, kuma layin wuta biyu ne ke ba su. Kowace na'ura wayarta biyu, ɗaya a wannan layi ɗaya a wancan, don in ɗaya ya ɗauke ɗayan ya riƙe ta. Ni nake wannan haɗin. Jar waya jan soket, shuɗiya shuɗi, ban taɓa kuskure ba. Shi ya sa nake da katin shiga ɗakin, abin da ba kowa ake ba wa ba.

Yanzu ɗanki ya kawo sababbin kabad masu soket huɗu, duk baƙaƙe, wayoyin ma baƙaƙe, an manna musu 'yan takardu da Turanci ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Manaja har da dafa masa kafaɗa. Tawa kafaɗar kuwa igiyar waya kaɗai ta sani.

Ki gaida kowa.
Yayanki.

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na ga saƙonki, wai in riƙe girmana. Ina riƙe da shi, hannu ne ya gaji.

Ranar da za mu fara haɗin ɗanki ya ja ni gefe, yana ta Kawu Kawu, wai zai liƙa mini jan salatif a soket ɗin layi na ɗaya don in huta da karatu. A hankali ya faɗa, babu wanda ya ji, to amma ni na ji. Na ce masa ina haɗa wuta tun uwarsa ba ta iya ɗaura zani ba. Ki yafe ni, ke ce uwar. Na haɗa kabad goma sha biyu da ka, ina ɗauka hagu layi ɗaya ne, dama ɗaya, kamar da. Ashe a na ƙarshen an juya su.

Jiya aka yi gwaji. Haka ake yi: a kashe layi ɗaya da gangan a ga ko komai zai ci gaba. Duk fitilun suna kore, sai kabad ɗin ƙarshe ya yi ɗif. Ashe na cusa wayoyin biyu a layi guda. Manaja ya juyo, sai ɗanki ya riga ni magana. Ya ce, “Ni na duba na sa hannu, laifina ne.”

Aka yi masa faɗa kaɗan. Da rana sai ga ma'aikata suna yabonsa, wai shugaba ke nan, mai ɗaukar nauyi. Ni ko kallona babu wanda ya yi, kamar ba hannuna ne ya yi aikin ba. Abinci ma ban iya ci ba.

Naki,
Yayanki.

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, ina fatan an tashi lafiya. Na san labari ya riga wasiƙata, amma ki ji daga bakina.

Na je ofishin manaja. Ba tausayin ɗanki ya kai ni ba, kada ki yi mini wannan fassarar. Ya karɓe girman, ya karɓe kafaɗar, sannan kuskuren da na yi da hannuna shi ma ya ɗauke ya ci suna da shi. Na ce wa manaja ni na haɗa, ba na iya karanta takardun, kuma an yi mini tayin salatif na ƙi. Ya ce wanda ba ya karanta lamba ba zai ƙara taɓa kabad ba. Na cire katin daga wuyana kafin ya nema.

An mai da ni sito, ina auna waya ina yankawa. Ɗanki ya zo har can idonsa ja, wai zai koma ya roƙa. Na hana shi. In ya roƙa aka mayar da ni, wannan ma nasa ne.

Ki ce masa kawai kada ya bar kowa ya ɗaure wayoyin bayan kabad tamau, suna son ɗan sako-sako. Kada ki ce daga gare ni ne.

Allah ya bar zumunci.
Yayanki, Mai Filaya.