Wanda Zai Buɗe wa Uwa Ido

Kumbakonam, Talata

Zuwa ga matata Alamelu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Ina fata kina shafa man, ba ajiye shi kika yi kina yi masa kallo ba. Mun iso lafiya. 'Yarki Thenmozhi ta cinye shinkafa da kindirmon da kika ƙunsa mana tun jirgin ƙasa bai yi nisa ba, ni ta bar mini ganyen ayabar da kika naɗe abincin a ciki.

Na ce miki ziyara kawai ta kawo mu haikalin Darasuram. Ban faɗa miki duka ba, kuma takarda ta fi idonki sauƙin kallo. Alamelu, hannuna na dama rawa yake yi. Shekara biyu ke nan ina ɓoye miki. Da yamma sai in ga layina ya karkace, in kwanta da baƙin ciki, da safe kuma in tarar bai kai yadda na zata muni ba.

Saura kwana tara mutanen ƙauye su kafa gunkin Uwar, abar bautarsu, da muka sassaƙa musu da dutse. Kin san ido ake bari ƙarshe, a buɗe shi da allurar zinariya a gaban jama'a. Idan hannu ya goce, dutsen ya tashi aiki, don ba wanda zai bauta wa mai tabo a ido. Wata goma sha ɗaya muna kanta. Ɗanmu Arivu ya ce ba za a ba shi hutu daga Dubai ba, kuma ko ya zo, rabonsa da guduma tun bai fara aske gemu ba.

Gobe zan roƙi Ubangiji Shiva ya ara mini hannuna na yini ɗaya. In bai ara ba, sai in kai allurar kakana gidan Periyasami, mutumin da in ya sassaƙa giwa sai ya tsaya ya yi wa mutane bayanin giwa ce. Tunanin kawai yana hana ni cin abinci.

Kada ki yi kuka. Ki gaishe da yayarki.

Mijinki,
Kailasam

Kumbakonam, Laraba

Alamelu, munafukata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, kodayake ban tabbata kin cancanta ba. Yaya gwiwa?

Mun shiga haikalin da sassafe, kafin dutse ya fara ƙona tafin ƙafa. Na yi roƙona, na fito, hannun nan yana nan yana rawarsa. Sai na ja Thenmozhi wurin ginshiƙin da mahaifina ya kai ni ina ɗan shekara sha huɗu, wanda aka sassaƙa wa 'yan rawar nan da ba su wuce tsawon yatsa ba. A ganin tsohon, mutum biyu ne suka yi shi. Ya sa na rufe ido na bi da yatsa, wai in nuna inda hannun malami ya tsaya na ɗalibi ya ɗauka. Ban samu ba, na sha ranƙwashi.

Don wasa na ce ta gwada. Ta rufe ido, ta bi, ta bi, ta tsaya a kan ƙugun wata 'yar rawa. "Nan ne, Baba. Daga nan mai yin ya daina numfashi, tsoro yake ji kada a gane shi."

Na ce, "Ke kuma uwar sani, ina kika san wannan?"

Sai ta ce, "Gahawar da Mama ke kawo maka da safe ba ta taɓa ba ka mamaki ba? Ruwan da ke tafasa a minti biyar, shekara biyu yana cin awa guda?"

Alamelu! Ashe kina tsare ni a tsakar gida da labarin surukar maƙwabta, ita kuma tana rumfar aikina da ƙarfen sassaƙata tana miƙe abin da na karkatar. Ni da nake taƙama ina gane hannun kowane masassaƙi a garinmu Mamallapuram, na kasa gane na 'yar da na goya. Leɓen Uwar nan da na yi ta kiran mutane su zo su gani, ashe ba nawa ba ne. Na zauna a gindin ginshiƙin, na rasa ko faɗa zan yi ko kuka. Kukan na yi. Wata tsohuwa ta miƙo mini ayaba, ta ɗauka yunwa ce.

Thenmozhi ce za ta buɗe wa Uwar ido. Na san dattawan ƙauyen za su yi gunaguni su ce mace ce. Zan ce su zagaya Uwar tasu, su nuna mini inda hannuna ya tsaya nata ya ɗauka. Duk wanda ya samu, shi ya buɗe idon.

Ki ciro allurar daga akwatin kakana, ki goge ta, ki naɗe a sabon ƙyalle. Ban gaya wa yarinyar ba tukuna, ke za ki miƙa mata. Muna tafe ranar Juma'a a jirgin safe.

Kuma daga yanzu ki riƙa kawo gahawar a kan lokaci, kofi biyu, a rumfa. Ina so in zauna in ga yadda take yi.

Mijinki da kuka mayar wawa, kuma ya gode,
Kailasam