Yaɓen Soron Makaranta

Litinin, 14 ga Mayu, 1956
Tarin ya ɗan lafa, gwiwa ce ta ƙi. Kunu kawai na sha. Na dogara sanda har tsohuwar makarantarmu, wato soro gudan da ya rage mata. Rufin ya tsage ta gabas, indararo ya zube. Ga hadari ya fara leƙowa ta wajen Rabah. In ba a yaɓe ba, ruwan farko zai tafi da shi.

Laraba, 16 ga Mayu
Na ba Halliru mai jakai saƙon baki zuwa Goronyo, ya ce ma Yari lokacin yaɓe ya yi. Mu biyu munka rage cikin waɗanda sunka kwana soron nan.

Juma'a, 18 ga Mayu
Ban iya zuwa masallaci ba. Na kwanta ina ta tunani.

Zamanin yaƙin Jamus na fari anka kawo mu, daga Wurno da Rabah da Goronyo, iyayenmu mata na kuka kamar ba za mu komo ba. Da safe lissafi da Turanci da labarin ƙasa, bayan azahar Larabci, da maraice ban ruwa a lambu. Wake da gero har mutum ya ƙi ganinsu. Yanzu kuwa da zan samu.

Malam Yusha'u, babban malami, yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: magini ba ya taɓa ginin makaranta. "Wanda yak kwana ciki, shi ka yaɓewa." Kafin damina sai a ajiye littattafai, mu zuba ramno, wato busasshiyar ciyawa, cikin ƙasa, mu tattake da ƙafa muna waƙa. Biyu-biyu ake aikin, ɗaya a ƙasa yana jefa curi, ɗaya a bisa yana cafewa. Ni ke jifa, don tsani na sa ni jiri. Yari ke bisa, bakinsa ba ya hutawa. "Bube, curin ga naka bai kai ƙwan zabo ba." Nakan auna ƙirjinsa da gangan.

Da anka ɗauke makarantar zuwa birni, hakimi ya bar sorayen hannuna. Duk shekara tsofaffin ɗalibai kan taru mu yaɓe. Mutane sunka yi ta raguwa, sorayen ma haka.

Talata, 22 ga Mayu
Zayyanu ɗan maƙwabcina, mai noman albasa, ya zo ya durƙusa.

"Baba, albasata na waje, ruwa na tahe. Ka ba ni soron ga in yaɓe shi in zuba."

Na ce, ka taɓa kwana ciki?

"Ni da ko baƙi ban sani ba, Baba?"

Na ce to mi za ya kai hannunka ga ginin makaranta.

"Ai jemagu ka karatu ciki yanzu."

Na ɗaga masa sanda. Bayan ya fita na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Juma'a, 25 ga Mayu
Halliru ya komo. Yari ya ce yana tafe ran Lahadi, in koyi jifa kafin ya iso. Shi ne, bai sake ba. Amma Halliru ya ce da hannu ake jansa zuwa masallaci, idon ya tafi. Halliru akwai ƙarin gishiri.

Asabar, 26 ga Mayu
Na kwaɓa 'yar ƙasa na gwada. Curin bai wuce taga ba. Kafaɗa har yanzu tana ciwo.

Lahadi, 27 ga Mayu
Na shimfiɗa tabarma gindin soron, na sa anka dama fura ta mutum biyu. Duk motar da ta fito ta wajen Goronyo sai na miƙe. Da la'asar anka yi yayyafi, na ga ruwa na bin tsagar nan zuwa ciki, daidai inda shimfiɗarmu take dā.

Talata, 29 ga Mayu
Jiki da sauƙi. Jiya na aika anka kira Zayyanu. Na ce ya ɗauko tabarmarsa shi da ƙanensa su kwana cikin soron tukuna.

"Da jemagun, Baba?"

Na ce mu ma da su munka kwana.

Sun kwana. Yau sun yaɓe, ƙanen na jifa, Zayyanu na bisa, ni ina zaune ina nuna musu inda za su danne. Ramnon ya yi kaɗan, ban ce komai ba. Hannun yaron ba laifi. Gobe albasa za ta shiga. Aro na ba shi, na faɗa masa a gaban Halliru.

Ban karya dokar Malam ba, ina jin.

Yari bai zo ba.