Batiran Kyaftin da Teburin Cin Abincina

Zuwa ga:
Shugaban Kwamitin Kiyaye Haɗari,
Ƙungiyar Masu Ƙananan Jiragen Rimot.

Daga:
Uwargidan memban da kuke kira Kyaftin.

Ranar 19 ga Mayu.

Game da: Cajin gaggawa da ake yi wa batiran jirgi a cikin gidana

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafi a kan maigidana, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ƙungiyarku ta naɗa Kyaftin duk da bai taɓa taka matakalar jirgi ba.

1. A ranar 2 ga Maris kai da kanka ka ara masa wata caja mai saurin tsiya. Takardar batirin ta ce a yi masa caji a hankali, a bar shi ya huce bayan jirgi ya sauka. Maigida ya ce wannan ƙa'ida ta 'yan koyo ce. Yana dawowa daga filinku na tayar da jirage yake jona batirin da zafinsa, a kan teburin cin abincina na katako, kusa da labule.

2. Batirin da a da yake riƙe jirgi a sama har wuyan mai kallo ya gaji, yanzu da ƙyar yake kewaya fili da shi sau ɗaya. Huɗu daga cikin batiran sun kumbura kamar cikin kwaɗo. Na ce a kai su inda ake zubar da irinsu, ya ce ƙiba ce, alamar sun ƙoshi. Da ya kawo maganar gabanka, an shaida mini ka ba shi shawarar ya sa su a firji. Can na same su, tsakanin madara da maganin tarin jikata.

3. Ina yaba wa kwamitinka da ya raba wa membobi jakar da ba ta cin wuta domin caji. Tamu tana rataye a bangon falo, saboda tana da tambarin ƙungiya, kuma maigida yana gudun kada ta ƙone.

4. A ranar 11 ga Mayu da rana ya jona batir, ya fita ƙofar gida yana yi wa mai gyaran famfo bayanin yadda iska take ɗaga fiffike. Ina kicin na ji huci, sai hayaƙi mai ɗaci. Jikata tana ƙarƙashin teburin tana wasa. Na fizgo ta, takalminta ɗaya ya tsaya a can, ya narke. Maƙwabci ne ya kashe wutar da yashin gininsa.

5. Adalci ya sa in faɗa cewa Kyaftin ya shigo cikin hayaƙin da gudu ba tare da tsoro ba. Sai dai jirginsa ya fara ɗauka ya fitar. Daga baya ya dawo yana kiran sunan yarinyar da muryar da ban taɓa jin yana da ita ba, ya cusa hannu ƙarƙashin teburin yana lalube, alhali tana bayana. Hannun na dama ya ƙone, yana naɗe har yau, ni nake ɓalla masa maɓallin riga.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi ka aiko a karɓi cajarka da kumburarrun batiran nan. A tanadi wurin caji a filinku, kan siminti, da bokitin yashi da mutum tsaye a kai. Ina kuma ba da shawara kwamitinka ya zauna ya karanta takardar batir tun daga farkonta, kai ma kana wurin.

Na ji ana cewa za ku kore shi. Don Allah kada ku yi. Kafin ya sami jirgin nan, wata shida ya yi a gida bayan ritaya yana koya mini yadda ake jera cokula. Ku riƙe shi a fili, ku dawo mini da shi da yamma da yatsunsa goma.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Taka cikin biyayya,
Uwargidan Kyaftin.