Kyamarar Rufa'i

Gadarif, 3 ga Maris, 2014

Zuwa ga Yayana Harisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Atine da yara da duk mutanen Mafaza. Yaya ƙafar Hajiya? Mu nan alhamdu lillahi.

Na fita takaba ranar Juma'a, kuma na yanke shawarar ɗaukar sana'ar hoto ta mijina Rufa'i. Ka san yanzu ba a son namiji ya shiga wajen mata a biki, amare kuwa ba sa haƙura da hoto.

Saƙonka ya iso, wai in sayar da "tarkacen mutumin nan" ka aiko min da sabuwar kyamara. Haba Yaya, har yanzu ba za ka kira sunansa ba? Shekara biyu ke nan da ya wuce ka a bakin kasuwa ranar Salla bai gaishe ka ba. Ga shi ƙasa ta rufe shi, kai kuwa ba ka huce ba.

Gaskiya kyamarar ta tsufa. Batirin ya kumbura, allon bayanta ya mutu, sai ta ɗan ramin sama ake leƙawa. Nan ɗin ma komai dishi-dishi, amma hotunan tas suke fitowa. Gobe zan kai ta wurin Usta Cindo mai gyara, in ji ko tana da sauran rai.

Ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Ummuhani


Gadarif, 9 ga Maris, 2014

Yayana Harisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajiya da Atine. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai jiki lafiya, zuciya ce babu daɗi.

Usta ya duba ta ɗaya bayan ɗaya. Batiri ana samu. Allon kuwa babu irinsa ko a Khartum saboda takunkumin da aka sa wa ƙasar, sai dai a ciro na wata matacciya. Abin da ke ƙiftawa a cikinta ma ya kusa gajiya. Ya ce in da shi ne, sabuwa zai nema.

Sai na yi masa maganar dishi-dishin. Ya leƙa, ya nuna min wata 'yar ƙaramar taya a gefen ramin, wadda mai hoto ke murzawa daidai da ƙarfin idonsa. An murza ta har ƙarshe. Ya mayar da ita da ɗan yatsa, na leƙa, na ga kasuwa garau. Ya ce, "Wannan ba ciwon kyamara ba ne, Hajja. Mai ita ne ba ya gani."

Yaya, a kan bencinsa na zauna.

Komai ya dawo min. Shayin da yake zubawa a gefen kofi, ina yi masa faɗa. Littafin 'yarmu Fadimatu da ya daina duba mata, na ce ya raina karatun 'ya mace. Ranar Sallar nan da na goyi bayanka, na kira shi mai girman kai a gaban 'yarsa. Ashe ɓoye ciwon yake yi, yana tsoron kar leburorin gonakin Gadambaliya su ji labari, su daina tsaya wa makaho ya ɗauke su hoton da za su aika gida. Kuma motar dawan da ta buge shi a hanyar can ya rasu, da rana tsaka ne. Kowa ya ce ta taho a fili. Shekara goma sha shida muna ɗaki ɗaya, sai mai gyara ne ya gaya min ciwon mijina.

Usta ya ce tunda an murza ta har ƙarshe, tayar ma ta kasa, ko da ita Rufa'i bai ga daidai ba, balle da ido tsirara. Da na dawo gida na sake murza ta inda Rufa'i ya bar ta, na sa Fadimatu ta tsaya a ƙofa, na leƙa. Wallahi ban gane 'yata ba.

Ka aiko da sabuwar, zan yi aiki da ita, na gode. Wannan kuwa ba za a gyara ta ba, ba za a sayar ba. Abu ɗaya nake roƙo. In ka shigo Gadarif, mu je bakin kasuwa. Ni zan tsaya inda ka tsaya ranar, kai ka leƙa ta kyamararsa. In ka gane ni, ka ci gaba da fushinka.

Allah ya jiƙan Rufa'i, ya yafe mana.

Ƙanwarka,
Ummuhani